Call Jane: Fim kan ƙofar da doka ta bari a buɗe, kwamiti ya danna mata kwaɗo

A cikin fim ɗin Call Jane akwai wani zama da duk wanda ya taɓa halartar taron kwamiti zai shaida fasalinsa. A birnin Chicago na Amurka ne, shekarar 1968. Wata matar aure mai suna Joy, matar lauya, uwar yarinya guda, tana ɗauke da juna biyu. Likita ya gano cewa cikin yana cinye mata zuciya, kuma idan aka bar shi ya kai watan haihuwa, rayuwarta da mutuwarta kunnen doki ne. Dokar jihar Illinois ta wancan zamani ta haramta zubar da ciki, amma ta bar rangwame guda: idan don ceton ran uwar ne. Sai aka kai maganar gaban hukumar asibitin.

Maza ne zalla a kan teburin. Joy ta zo musu da biskit ɗin da ta gasa da hannunta, ta zauna a tsakiyarsu, su kuwa suka shiga tattauna batunta kamar ba ta cikin ɗakin. Aka tambayi ko jaririn zai iya rayuwa, aka tambayi ko asibitin ya saba amincewa da irin wannan buƙata, aka kaɗa ƙuri'a. Duka suka ce a'a. Babu wanda ya ɗaga murya, babu wanda ya ci mata mutunci, kuma babu wanda za a iya cewa ya karya doka. Kowa ya tsare kujerarsa, ita kuma ta tashi da hukuncin a jikinta.

Joy ba mutum ce ta gaske ba, marubutan fim ne suka ƙirƙire ta. Amma kwamitin gaskiya ne, haka ma ƙungiyar matan da ta faɗa hannunsu daga baya. Darajar fim ɗin tana cikin wannan zaman: ya nuna cewa rangwamen da aka rubuta a kundin doka ba ya ceton kowa sai an sami wanda zai yarda ya sa hannu a kai.

Yadda aka yi kwamiti ya zama mai riƙe da makulli

Tun a ƙarshen ƙarni na 19 kusan dukkan jihohin Amurka suka haramta zubar da ciki, akasarinsu tare da wannan rangwame na ceton rai. Sai dai dokokin ba su fayyace iyakar haɗarin da za a kira barazana ga rai ba. Likitan da ya yanke shawara shi kaɗai yana iya rasa lasisinsa ko ya tsinci kansa a gaban alƙali. Saboda haka, daga shekarun 1940 zuwa 1950, asibitoci suka riƙa kafa kwamitoci na musamman da za su tantance kowace buƙata. A zahiri an kafa su ne domin duba lafiyar mara lafiya, amma aikin da suka fi yi shi ne kare sunan asibiti da na likitocinsa. Yawan buƙatun da ake amincewa da su ya ragu ƙwarai, kuma waɗanda suka fi samun shiga su ne fararen fata masu hali, waɗanda ke da likitan gida da zai tsaya musu, ko kuɗin biyan likitocin ƙwaƙwalwa da za su rubuta cewa matar tana iya hallaka kanta. Fim ɗin ya taɓo wannan hanya, inda aka ba Joy shawarar ta gwada ta. Wata ma'aikaciya ma ta raɗa mata cewa ta faɗo daga matakalar bene.

Sauran matan kuwa sai su nufi bayan fage. Alƙaluman hukuma sun nuna cewa a shekarar 1965 mata kusan 200 ne suka mutu a Amurka sakamakon zubar da ciki ba bisa ƙa'ida ba, wato kashi 17 cikin 100 na dukkan mace-macen da suka shafi ciki da haihuwa a shekarar. Waɗannan su ne aka rubuta a takarda. A Chicago, babban asibitin gwamnati na Cook County sai da ya ware ɗaki guda domin matan da ake kawowa jina-jina, ko guba ta riga ta shiga jininsu bayan sun yi da kansu ko an yi musu a ɓoye. 'Yan daba masu ƙungiya ma sun shiga harkar. Wata da ta bi ta hannunsu ta ba da labarin cewa farashinsu hawa uku ne, kowane da sunan mota, kuma mafi araha dala 500 ne.

Wace ce Jane?

Babu wata mace guda mai wannan suna. Asalin abin ya faro ne a 1965, lokacin da wata ɗalibar Jami'ar Chicago mai shekara 19, Heather Booth, ta ji cewa 'yar'uwar wani abokinta tana da ciki kuma tana gab da halaka kanta. Booth ta riga ta saba da gwagwarmaya, domin a 1964 ta je jihar Mississippi aikin yi wa baƙaƙen fata rajistar zaɓe. Ta hanyar mutanen wannan gwagwarmaya ta sami Dakta T.R.M. Howard, likitan tiyata baƙar fata wanda ya yi suna a shari'ar kisan yaron nan Emmett Till a 1955, kuma barazana ta sa ya baro Mississippi ya dawo Chicago. Howard ya yi aikin. Labari ya bazu, kira ya yi ta zuwa ɗakin kwanan ɗalibai, sai Booth ta ce masu kira su riƙa cewa Jane suke nema.

Da nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ta miƙa shi ga wasu mata, waɗanda a 1969 suka tsara shi ya zama ƙungiya, Ruth Surgal da Jody Howard suna kan gaba. Akwai ɗalibai a cikinsu, akwai matan aure masu 'ya'ya, akwai malaman makaranta. Hausawa na cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, su kuwa waɗannan sun mayar da maganar aiki mai tsari. Suna liƙa 'yar sanarwa a allunan makarantu da ƙananan jaridu, ɗauke da lambar waya. Mai kira za ta bar saƙo a na'ura. Wata daga cikinsu za ta kira ta, ta rubuta sunanta da shekarunta da watannin cikin da abin da za ta iya biya a kan ɗan kati. A taron mako sai a zagaya da katunan, kowa ta ɗauki wadda za ta zauna da ita ta yi mata bayanin abin da zai faru dalla-dalla. Ranar aiki, matan za su taru a wani gida da ake kira Gaba, inda 'yan rakiya ke jira, daga nan direba ta riƙa ɗibarsu kaɗan-kaɗan zuwa wani gidan da ake kira Wurin. Ana sauya gidajen a kai a kai. Bayan an gama, ana ba su magani, a kuma bi su da waya domin jin yadda jiki yake.

Tsakanin 1969 da 1973, an ƙiyasta cewa mata kimanin 11,000 ne suka bi ta hannun Jane. Ba a ɓoye take ƙwarai ba: likitoci, da ma'aikatan jinya, da wasu malaman coci suna tura mata mutane a asirce, kuma hukumomin birnin sun daɗe suna kau da kai.

Likitan da ba likita ba

A cikin fim ɗin, wanda Phyllis Nagy ta ba da umarni, Elizabeth Banks ce ta fito a matsayin Joy, Sigourney Weaver kuma ta fito a matsayin Virginia, shugabar ƙungiyar. Bayan Joy ta tsere daga wani ƙazamin ɗaki da aka kwatanta mata, sai idonta ya faɗa kan sanarwar Jane. Aka ɗauke ta a mota, aka kai ta wurin wani saurayi mai suna Dean da ke karɓar dala 600. Nagy ta bar kyamara a ɗakin tun daga farkon aikin har ƙarshensa, tana kan fuskar Joy, ba tare da kiɗa mai tayar da hankali ba. Da aka gama, aka kai ta wani gida aka zuba mata taliya. Bayan 'yan kwanaki Virginia ta kira ta tana neman ta taimaka da tuƙa wata yarinya, daga nan ta zama 'yar gida, tana ce wa mijinta ajin koyon zane take zuwa.

Juyin labarin shi ne lokacin da Joy ta gano cewa Dean ba shi da takardar shaidar likitanci ko ɗaya, ta kuma matsa masa ya koya mata. Wannan ma ya faru a zahiri. Mutumin da Jane ta fi dogara da shi, wanda suke kira Mike, ya ƙware a aikin, amma bai taɓa shiga makarantar likitanci ba. Da asirin ya tonu, hankalin ƙungiyar ya tashi, wasu suka fice suna cewa ashe ba su da bambanci da mahautan bayan fage. Waɗanda suka rage suka kalli abin ta wata fuska: idan shi ya iya, su ma za su iya. Jody Howard ce ta fara koya, ta koya wa wasu, kuma zuwa 1971 matan da kansu suke yin aikin. Farashi ya faɗo daga dala 500 ko 600 zuwa dala 100, wadda ba ta da shi kuma a karɓi abin da ya sawwaƙa.

Wadda ta yi tambayar kuɗi

Mace guda baƙar fata ce ke da murya a ƙungiyar cikin fim ɗin, sunanta Gwen. Wunmi Mosaku ce ta taka rawar, jarumar da aka haifa a Zariya a 1986, ta tashi a Manchester ta Ingila, ta kuma ci kyautar BAFTA a 2017. Ita ce ta tsaya a gaban Virginia ta ce tsarin da sai mai dala 600 zai shiga, ya riga ya zaɓi launin fatar waɗanda za su rayu. Wannan muhawara ce ta fi kowace nauyi a fim ɗin, ko da yake an ba ta 'yan mintoci kaɗan.

Tarihi ya gaskata Gwen. A 1970 jihar New York ta halatta zubar da ciki, ba tare da sharaɗin zama ɗan jiha ba. Nan da nan matan Chicago masu kuɗin jirgi da na masauki suka daina kiran Jane, suka riƙa tashi da safe su dawo da dare. Waɗanda suka rage a kan katunan su ne matalauta, da 'yan mata ƙanana, da baƙaƙen fata na unguwannin kudu da yammacin birnin, alhali mambobin ƙungiyar kusan dukkansu farare ne 'yan boko. Marie Leaner, ɗaya daga cikin baƙaƙen fata ƙalilan da suka yi aiki a ciki, ta yi bayanin wannan giɓi a fim ɗin The Janes, wanda shi na tarihi ne, da bakin matan da abin ya faru da su.

Ranar da 'yan sanda suka buga ƙofa

Call Jane ya taƙaita ƙarshen labarin cikin 'yan jimloli. Mai son cikakken bayani sai ya nemi The Janes, na Tia Lessin da Emma Pildes. Ranar 3 ga Mayu, 1972, jami'an sashen binciken kisan kai suka bi sawun wata mota har wani bene a unguwar South Shore, bayan wasu dangin wata mata sun kai ƙorafi. Da suka shiga, sai suka yi ta leƙa ɗakuna suna tambayar ina likitan, domin bai zo musu a rai ba cewa matan da ke tsaye a gabansu su ne masu aikin. Aka kama bakwai. A cikin motar 'yan sanda, suka ciro katunan daga jaka, suka yage ɓangaren da ke da sunaye, suka tauna suka haɗiye, don kada a kai ga matan da suka amince musu.

An tuhumi kowace da laifuffuka 11, waɗanda hukuncinsu zai iya kai wa shekara 110 a gidan yari. Lauyarsu, Jo-Anne Wolfson, ta san cewa akwai ƙarar da ke gaban Kotun Ƙoli, don haka ta yi ta jan ƙafa tana neman ɗage zama. Ranar 22 ga Janairu, 1973, kotun ta yanke hukunci a shari'ar Roe da Wade, alƙalai bakwai suka rinjayi biyu, aka soke dokokin haramcin a faɗin ƙasar. Aka janye tuhumar, ƙungiyar ta rushe kanta, ɗakin nan na asibitin Cook County ma daga bisani aka rufe shi saboda ƙarancin masu zuwa. Ɗaya daga cikin mambobin, Laura Kaplan, ta tattara tarihin ƙungiyar a littafi a 1995.

Inda fim ɗin ya sassauta

Call Jane fim ne mai ɓangare, bai kuma ɓoye hakan ba. Miliyoyin Amurkawa, a wancan lokaci da yau, suna ganin abin da ke cikin mahaifa rai ne da ya wajaba doka ta kare, kuma ba duka ne masu zama a kujerar kwamiti da sigari a hannu ba. Da yawansu mata ne. Fim ɗin bai ba wannan ra'ayi bakin da zai yi magana da hujja ba. Ya kuma zaɓi jaruma wadda kusan kowa zai tausaya mata: matar aure, mai mutunci, wadda ranta ke cikin haɗari. Mafi yawan waɗanda suka kira Jane dalilansu daban ne, kamar talauci, da yawan 'ya'ya, da ƙuruciya, da fyaɗe, da tsoron iyaye, kuma a kan waɗannan ne ake samun saɓanin gaske.

Haka kuma ya sa aikin ya yi kama da abu mai sauƙi. Mutumin da bai karanci likitanci ba ya sa ƙarfe a mahaifar mace a ɗakin kwana, babu jinin ƙari, babu ɗakin tiyata a kusa, wannan kasada ce ko da hannunsa ya ƙware. Matan Jane da kansu sun faɗi irin fargabar da suke kwana da ita, da lokutan da dole suka garzaya da mace asibiti. Duk wanda ya kalli fim ɗin ya ɗauka cewa darasinsa shi ne kowa ma zai iya, ya yi masa gurguwar fahimta. Jane alama ce ta cewa asibiti ya guje wa aikinsa, har ya bar wa matan gida da ɗalibai.

Shekarar da aka sake buɗe shafin

An fara nuna fina-finan biyu a bikin Sundance na Janairun 2022, lokacin Roe yana nan daram. Ranar 2 ga Mayu, jaridar Politico ta fallasa daftarin hukuncin da zai soke shi. Tashar HBO ta saki The Janes ranar 8 ga Yuni, sannan ranar 24 ga watan Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Dobbs, ta mayar wa kowace jiha ikon yin dokarta. Kafin Call Jane ya shiga gidajen kallo a ƙarshen Oktoba, jihohi fiye da goma sun haramta zubar da ciki kusan gaba ɗaya. Illinois tana cikin waɗanda suka bar shi a halatta, har ta zama wurin da matan maƙwabtan jihohi ke nufa, kamar yadda matan Chicago suka riƙa nufar New York a 1970.

Dukkan sababbin dokokin suna da rangwamen ceton rai, kuma tsohuwar tambayar ta dawo da su: kusancin mutuwa nawa ake jira? A Texas, wata mata mai suna Amanda Zurawski, wadda faya ta fashe mata tun cikin yana mako 18, an ce ta jira saboda zuciyar ɗan tayin tana bugawa, har guba ta shiga jininta aka kwantar da ita a sashen kulawa ta musamman. Ita da wasu mata suka kai jihar ƙara a 2023 suna neman a fayyace rangwamen, amma Kotun Ƙolin jihar ta yi watsi da buƙatarsu a 2024. Likitocin da suka duba ta ba mugaye ba ne. Suna tsakanin gaba kura baya sayaki: dokar jihar ta tanadi ɗaurin da zai iya kai wa rai da rai ga likitan da aka ce ya wuce iyaka.

Abin da ya shafe mu

Dokar Najeriya tana da irin ƙirar dokar da Joy ta ci karo da ita. Sashe na 232 na Penal Code, wanda ke aiki a Arewa da Abuja, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai wa shekara 14 ga wanda ya jawo zubewar ciki, sai fa idan ya yi da kyakkyawar niyyar ceton ran matar. A Kudu, sassa na 228 zuwa 230 na Criminal Code sun haramta, sashe na 297 kuma ya kare likitan da ya yi tiyata domin tsare ran uwa. Ke nan, ko ba a taɓa muhawarar halatta ko haramta ba, akwai ƙofar da dokar ƙasa ta riga ta bari a buɗe.

A 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin da ke bayyana wa ma'aikatan lafiya irin cututtuka da yanayin da wannan rangwame ya shafa, da matakan da za a bi. Jihar Legas ta ƙaddamar da nata a ƙarshen Yunin 2022, amma cikin 'yan kwanaki Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya dakatar da su bayan ƙorafin shugabannin addini da wasu ƙungiyoyi. Dakatarwar ba ta sauya harafi ɗaya a dokar ba. Abin da ta bari shi ne likitan da ke tsaye a kan mace mai hawan jini ko ciwon zuciya da tsakar dare, ba shi da takardar jiharsa da zai dogara da ita. Wannan kuwa a ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata 82,000 suka mutu a dalilin ciki da haihuwa a 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na adadin duniya baki ɗaya.

Mutum zai iya ƙin zubar da ciki har cikin zuciyarsa, ya kuma yarda cewa matar da doka ta ce a ceta, a cece ta a kan lokaci, a asibiti, a hannun wanda ya karanci aikin. Tabbatar da hakan ba aikin 'yan fim ba ne. Aikin masu rubuta ƙa'ida ne, da masu buga ta su raba wa asibitocin karkara, da masu sa kuɗin horar da ungozoma a kasafi, da mai taimaka wa minista wanda zai yanke ko fayil ya hau tebur yau ko ya kwana a durowa. A Chicago, jinkirin irin waɗannan mutane ne ya sa mata 11,000 suka kira lambar wata mace da babu ita.